Yatsa Biyu Kafin Hoda

SHAFI NA 31

Tun shekaranjiya kun hana ni sakat, har wata ta ce in ban saki shafin nan ba za ta biyo ni gida. Ki zo mana, akwai wanke-wanke yana jira. Ku kuma masu cewa Auta baiwar Allah ce, ko sauro ba ta iya kashewa, ku matso gaba, na ajiye muku kujera.

*

"Cire gilashin, ki matso da fuskarki nan."

Fitila ta zare gilashin ta ajiye a cinya. In babu shi dishi-dishi take ganin komai, kamar yawancin zabiya, don haka sai da ta kusa manna hanci a jikin kwamfutar likitar.

"Wannan kyamarar abin da ido ba ya gani take nunawa," in ji likitar fata. "Duk inda aka shafa man kariyar rana, baƙi ƙirin yake fitowa. Me kika gani?"

Fitila ta ƙanƙance ido. Tsakiyar fuskarta ta ɗan yi toka-toka. Kunnuwa, wuya, gefen goshi, duk fari tas.

"Na'urarki ta lalace, Likita."

"Kin shafa yau?"

"Ni kike tambaya?" Har da 'yar dariyarta. "Shekara shida ina gabatar da shiri a kan titi, rana tana dukan tsakiyar kaina daga tara zuwa sha biyu. Da ba na shafawa ai da tuni an manta da ni."

"Da hannunki kike shafawa?"

"Ƙanwata ke min. Auta. Ita ce mai kwalliyar gidan talabijin ɗinmu, ni na kawo ta. Ni da idon nan in na ce zan ja gira, a kunne zan ja ta. A wanke fuska, a sa man laushi, a matso na rana tsawon yatsa biyu, a bi fuska da wuya da kunne, a jira minti sha biyar ya zauna, sannan fandeshan, sannan hoda. Ko daga barci kika tashe ni zan karanto miki."

Likitar ta matso kusa. Ta jawo hannun Fitila ta ɗage dogon hannun rigar. Wani jan zare ne ɗaure a tsintsiyar hannun.

"Kada ki kwance min shi," Fitila ta faɗa da sauri. "'Yata ce ta ɗaura min da safe. Yau suke wasannin makaranta, ƙarfe ɗaya za ta yi tsere, wai don kada in manta."

"Ita ma zabiya ce?"

"Shi ya sa ake ce mata Kyandir. Ni Fitila, ita Kyandir. Gidanmu ko an ɗauke wuta ba ruwanmu."

Likitar ta matso nata man ta shafa mata a bayan hannu, ta kai hannun gaban kyamara. Nan take wajen ya yi baƙi kamar an goga man takalmi.

Dariyar Fitila ta ɗauke.

"Ɗan duhun da kika gani a tsakiyar fuska na fandeshan ne, kuma bai kai ya kawo ba. A ƙarƙashinsa babu komai. Wuya babu, kunne babu."

Hannun Fitila ya tafi da kansa saman kunnenta na hagu, inda likitar ta manna filasta ɗazu, bayan ta yanki ɗan nama daga wani ƙurji da ya ƙi warkewa.

"Kwana goma sakamako zai fito. Ban ce ciwon daji ne ba. Ban kuma ce ba shi ba ne."

A daidai wajen na Baba ya fara. Shi ma zabiya ne, magini, bai taɓa sanin wani man rana ba. Ƙurji ne ƙarami kamar ƙwayar gero, shekara biyu ya cinye kunnen ya gangaro kumatu, ta uku aka kai shi makwanci.

Sai a lokacin wani abu ya faɗo mata. Abin da Allah ya rage mata a ido ya ƙara mata a kunne. Kullum in ta kwantar da kai a kujerar kwalliya ta rufe ido, tana jin famfon kwalbar man rana sau uku, fit, fit, fit. Yau da safe, kafin ɗan gajeren shirin da ta yi ta taho asibiti, ba ta ji ba. Ƙarar murfin gwangwani ta ji ana murɗawa.

Ko sallama ba ta yi wa likitar ba.

*

Sha biyu da kwata ta banko ƙofar ɗakin kwalliya.

Auta na tsaye gaban famfo tana wanke burusai, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Fitilun da ke zagaye da dogon madubin duk a kunne, kayan aiki a jere reras yadda take son su.

"Lah, Yaya, har kin dawo? Me likitar ta..."

Fitila ta murza mukulli, ta zare shi ta jefa a aljihu.

"Me kika shafa min yau?"

"Na'am?"

"Ba kurma ba ce ke. Me kika shafa min a fuska yau da safe?"

"Abin da na saba mana, Yaya."

Tas!

Burusai suka watse a ƙasa. Auta ta dafe kunci, bakinta a buɗe. Tun da aka haife ta Yaya ba ta taɓa ɗaga mata hannu ba, ko Mama ta ɗauko bulala a bayan Yaya take ɓuya.

"Sake faɗa."

"Yaya, wallahi..."

Tas! Ta ɗaya ɓangaren.

"Kika sake sa sunan Allah a ƙaryar nan sai na zubar miki da haƙora. Yanzu na baro gaban na'ura. Fuskata fayau take, ko ɗigo babu. Ban ji famfon kwalba yau ba. Gwangwani na ji. Ina gwangwanin?"

Idon Auta ya kuɓuce mata, ya tafi durowar ƙasa. Daƙiƙa ɗaya ce, amma ta juya kai gaba ɗaya, ko mai dishi-dishi zai gani.

Fitila ta finciko durowar har sai da ta fito daga mazauninta ta faɗo ƙasa. Soso, gashin ido, jambaki, komai ya tarwatse. Can ƙasa ga wani farin gwangwani. Ta ɗauka ta kai shi dab da idonta tana bin rubutun harafi-harafi.

Man laushin fata ne. Irin wanda kowa ke shafawa bayan wanka.

"Yau kaɗai ne?"

Auta ta kau da kai.

"Na ce yau kaɗai ne?"

Auta ta fara ja da baya har ta haɗu da bango.

Fitila ta wurga gwangwanin. Allah ya so Auta ta sunkuya, ya wuce ta saman kanta ya daki madubi. Madubin ya tsage daga sama har ƙasa, rabinsa ya zubo kan teburi da ƙara.

"Wata huɗu!" Auta ta ƙwalla tana kare kai. "Wata huɗu ne, Yaya, don Allah kada ki kashe ni!"

Ni kaina da nake ba ku labarin nan sai da na ajiye waya na sha ruwa.

Wata huɗu. Fitila ta tsaya cak tana jin kalmar tana yawo a kanta. Watannin zafi ne gaba ɗayansu. Ta tuna shirin da ta yi a tashar mota, awa uku babu inuwa. Ta tuna na filin ƙwallo. Ta tuna yadda fuskarta ke raɗaɗi da yamma, wuyanta ya yi jajir yana saɓa, ta zo nan ta kai ƙara, wannan yarinyar ta dube ta ido cikin ido ta ce sabon sabulu ne bai karɓe ta ba.

"Sabulu uku na canza," ta faɗa a hankali. "Saboda ke."

"Yaya, tsaya in miki bayani..."

Ba ta tsaya ba. Tsalle ɗaya ta yi ta cafko wuyan rigar Auta, ta fizgo ta, suka zube tare a kan kujerar kwalliya. Kujerar ta juya da su ta kife. Fitila ta haye ruwan cikinta, ta damƙi gashinta ta danna kanta da ƙasa.

"Shekararki nawa Baba ya rasu?"

"Wayyo gashina!"

"Nawa?"

"Tara!"

"Wa ke riƙe roba in Mama za ta wanke masa kunne?"

"Ni ce..."

"Wa ke fita bayan ɗaki ta yi amai saboda wari?"

"Ni ce, Yaya, ni ce!"

"Kin gani da idonki. Idonki lafiyayye, ba irin nawa ba. Kin ga yadda rana ke cin irinmu da ranmu. Na ɗauki fuskata na damƙa miki, na rufe ido, kullum ta Allah na rufe ido a gabanki, ko mijina ban yarda da shi haka ba!"

Ta ɓalle filastar kunnenta da hannu ɗaya. Jini ya biyo gefen wuyanta. Ta kai kunnen dab da fuskar Auta.

"Kalla! Buɗe idon ki kalli aikinki!"

Auta ta runtse ido tana girgiza kai.

"Na sani... na gan shi..."

Hannun Fitila ya saki kaɗan.

"Kin gan shi yaushe?"

Kuka kawai.

"Ni sati ɗaya ke nan da na ji shi da yatsa. Ke yaushe kika gan shi?"

"Sati... sati biyar."

"Kika yi me?"

"Na... na rufe shi da fandeshan. Na ɗauka ƙurjin zafi ne, na ce zai baje da kansa, ina ta addu'a..."

Abin da ya biyo baya ba na son rubuta shi, amma kun ce kada in rage muku komai. Duka ne na wanda idonsa ya rufe. Fuska, kafaɗa, ƙirji, duk inda hannu ya faɗa. Auta tun tana karewa har ta daina, ta saki hannuwa ta bar ta. Leɓenta ya fashe. Gilashin Fitila ya yi tsalle ya faɗa cikin tarkace, ba ta ko neme shi ba.

Aka fara dukan ƙofa daga waje.

"Wane ne a ciki? Ku buɗe ƙofar nan!"

Muryar Darakta ce. Mutumin da ko tari ya yi sai ma'aikata sun gyara zama.

"Na ce ku buɗe! Nan gidan aiki ne, ba gidan dambe ba!"

Fitila ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ɗago kan Auta da gashi.

"Me na yi miki? Faɗa min. Aikina kike so? Fuskata ce ta tsone miki ido?"

"Cire ki zai yi!"

"Wa?"

Auta ta nuna ƙofa da hannu, jini da majina sun haɗe mata a baki.

"Shi. Ya kira ni ofis ya kunna min shirinki. Ya ce in kalli fuskarki, tana ƙyalli kamar faranti, kyamara ba ta ganin hanci ba ta ganin baki. Ya ce kafin sha ɗaya kwalliyar ta fara murmushewa tana zuba. Ya ce man nan da nake sa miki a ƙasa ne. Na canza kala huɗu, Yaya, na jira minti ashirin, na jira talatin, duk ya ce bai yi ba. Ya ce sati biyu ya ba ni. In ban gyara ba zai mayar da ke ɗakin tace labarai, ya sa wata a titi. Har na ga yarinyar, ta zo gwaji sau biyu."

"Sai kika kasa faɗa min."

"Ya zan faɗa miki? Ke da kika ce ranar da aka fara sa ki a talabijin ita ce ranar da aka daina nuna ki da yatsa a hanya? Ke da Kyandir ke cewa a makaranta mamanta ce ta cikin talabijin, har yara suka daina tsokanarta? Na duba jikin fandeshan na ga an rubuta yana kare rana, lamba sha biyar. Na ce ai ya isa. Na ce in na ƙara kauri zai isa."

"A kunne ma fandeshan kike sa min? A wuya fa?"

Auta ta rufe fuska.

"Kwana uku na ce zan gwada. Ranar farko ya aiko aka ce hoto ya yi kyau. Ke da kanki kika dawo kika rungume ni a nan wajen, kika ce Auta hannunki ya faɗa. Kika sa hoton a wayarki. Kullum in na ce gobe zan daina, sai wani ya sake yaba ki."

Wannan ta shige ta. Gaskiya ne, ta faɗa. Hoton ma har yanzu shi ne a fuskar wayarta.

Ta sauka daga kan Auta. Ta miƙe tana haki, ta laluba aljihu ta ciro mukulli. Kusa da ƙofa akwai doguwar fitilar nan mai zobe da ake haska fuska da ita, mai ƙafar ƙarfe. Ta fizge wayar wutar fitilar daga bango.

Ta buɗe ƙofa.

Darakta ya sako kai, ciki a gaba, waya a hannu.

"Wane irin iskanci ne wan..."

Fitilar ta sauka a kafaɗarsa. Zoben ya tarwatse. Wayarsa ta yi gefe, shi ya yi gefe, ya dafe ƙofa yana salati. Ma'aikatan da suka taru a baranda suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji.

"Kin haukace ne?"

"Yau ka ga hanci? Ka ga baki?" Ta sake ɗagawa. "Hoton ya fito?"

"Ku riƙe ta! Ku kira masu gadi!"

Babu wanda ya motsa. Wa zai shiga?

Ta biyu ta same shi a hannun da ya kare da shi. Ya faɗo cikin ɗakin da gwiwa, ya rarrafa bayan kujerar da ta kife. Babban mutum guda, hularsa a ƙasa.

"Ka sa ƙanwata ta cire min man rana."

"Ni ban ce a cire komai ba! Cewa na yi a gyara hoto! Ina ruwana da abin da kuke shafawa? Aikinta ne!"

"Ƙarya kake!" Auta ta faɗa daga ƙasa. "Na ce maka zabiya ce, rana za ta illata ta. Ka ce min awa uku ce kawai, ba a wuta za a sa ta ba."

"Ke rufe min baki! Daga yau ke da yayarki..."

"Ka kore mu?" Fitila ta yi wata dariya mara daɗi. Ta juya masa kunnenta, jinin har ya jiƙa wuyan riga. "An yanki naman nan yau. Kwana goma zan san ko abin da ya kashe ubana ne. In shi ne, wallahi da kyamararka zan ɗauke shi kullum yana cina, in sa sunanka a ƙasa. Ka ga hoto mai kyau."

Ta ɗaga ƙarfen da hannu biyu, wannan karon kansa ta nufa.

Auta ce ta yi kukan kura ta rungume ƙafafunta.

"Yaya kada ki yi! In kika kashe shi wa zai riƙe Kyandir?"

Fitila ta yi taga-taga. Babu gilashi, ba ta ga inda za ta dafa ba. Hannunta ya sauka a kan teburi, daidai inda rabin madubi ya zube.

Ƙarfen ya faɗi. Ta ɗago hannun, gilas ya keta rigar ya yanke ta daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Jini ya ɓalle.

Darakta ya samu hanya. Da rarrafe ya fice, ko hular bai ɗauka ba.

Ɗakin ya yi tsit, sai famfon da Auta ta bari yana zuba.

Fitila ta sulale ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar teburi. Ƙarfin ya ƙare. Sai yanzu kukan ya zo mata, irin wanda ba ya fita da sauti.

Auta ta jawo jiki ta matso. Ido ɗaya ya kumbura, leɓe ya haye. Ta ɗauko tawul mai tsabta daga cikin tarkacen.

"Kawo hannun."

"Kada ki taɓa ni."

"Ki kashe ni daga baya. Kawo hannun, jini kike zubarwa."

Ba ta ba ta ba, ba ta kuma hana ta ba. Auta ta kama hannun ta ɗora a cinyarta, ta danna tawul a kan yankan. Hannun nan dai ne, mai taushi, wanda ya san kowane lungu na fuskarta. Fitila ta ji tsanarsa, ta kuma ji ba ta da wani.

"Ina tsoro, Auta."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Kyandir shekararta takwas. In na tafi wa zai dinga bin ta da hula? Wa zai tsaya mata yatsa biyu kullum?"

Auta ta ƙara danne ciwon. Hawayenta na ɗiga a kan tawul.

Can Fitila ta goge fuska da ɗaya hannun.

"Abu ɗaya ne ban gane ba. Kin ce wata huɗu. Amma kullum ina jin famfon kwalbar. Sau uku. Yau ce kaɗai ban ji ba."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Na san kina saurare. Shi ya sa na juye na gaskiyan a wani mazubi, na wanke kwalbar, na cika ta da man laushi. Ƙamshinsu kusan ɗaya."

"Kwalbar kanta?"

"Ita. Wadda ke kan teburi. Na ɗaura mata alama a wuya don kada in rikita ta da sababbin da ke cikin kwali. Yau da safe na neme ta sama da ƙasa ban ganta ba, na ɗauka mai shara ce ta kawar. Shi ne na ɗebo daga gwangwani."

Tana magana tana naɗe yagaggen hannun rigar sama don ta ɗaure ciwon. Sai ta tsaya.

Yatsunta suka sandare a kan tsintsiyar hannun.

"Yaya."

"Mene ne?"

"Ina kika samo wannan zaren?"

"Kyandir ce ta ɗaura min."

"Ita a ina ta samo?"

"Oho, a jikin wani abu ta kwance da safe, ina cikin shafa mata..."

Maganar ta maƙale.

Jiya da yamma. Ta dawo ɗakin nan ɗaukar jakarta, Auta ta riga ta tafi. Ta tuna man gida ya ƙare ƙarƙaf, ga wasanni gobe. Ga kwalba a kan teburi, ta ji ta da nauyi. Ta jefa a jaka.

Yau da safe. Kyandir a tsaye a kan kujera, tana ta rawar kai. Mama, yau dai ki bar ni in sa riga mai gajeren hannu irin ta kowa. Mama, gajeren wando. Mama, ba a tsere da hula, faɗuwa take. Shekara uku tana roƙo, shekara uku ana hana ta. Yau Fitila ta ce to, tunda ga cikakkiyar kwalba. Ta matsa, fit, fit, fit. Ta bi fuska, wuya, kunne, damtse, cinya, har tsagar kai. Ta saka mata kwalbar a jaka, ta ce duk bayan awa biyu ki ƙara, kin ji? Yarinyar ta ce to, tana ta kiciniyar kwance wani abu daga wuyan kwalbar.

Mama, kawo hannunki. Don kada ki manta.

"Jan zare," in ji Auta. "Ga ƙulli uku a bakinsa. Ni na ƙulla shi."

"Tun ƙarfe nawa..." Fitila ta kasa ƙarasawa.

"Yaya, tun ƙarfe nawa suke fili?"

"Takwas."

Su biyun suka ɗaga kai wajen agogon bango. Fitila ba ta iya ganinsa.

"Ƙarfe nawa? Auta, ƙarfe nawa?"

"Ɗaya saura minti goma."

Fitila ta yunƙura, santsin jini ya kwashe ta, ta sake yunƙurawa. Tana laluben gilashi, tana laluben jaka, gilas na shiga tafin hannunta ba ta ji.

Wayarta ta fara ruri a ƙarƙashin tarkace.

Auta ce ta tono ta. Ta kalli sunan, ta kalli yayarta.

"Wane ne? Karanta min!"

"Malamar su Kyandir. Kira bakwai ta yi, ba mu ji ba."

Fitila ta fizge wayar da hannu mai jini, ta kai kunnen da aka yanka.

Hayaniyar yara, usur, wani na ihu a kawo ruwa. Sannan muryar malamar, tana rawa.

"Maman Kyandir? Don Allah, me kika shafa wa yarinyar nan?"